Ga Zaƙi Ga Harbi: Likitan Gem Mai Tayar da Naka, Ya Kwantar da Nasu

Sauke girar nan, Malam. Tun daga kan take na ga ka yatsine fuska kamar wanda ya tauna maɗaci. Ka ce, "Duk abin da ke damun jama'a, mutumin nan bai ga abin rubutu ba sai likitan wasan waya?" Na ji. Amma kai da ka raba dare jiya a teburin mai shayi kana musun Ronaldo da Messi, har shayinka ya huce ƙuda ya yi wanka a ciki, kai ne yau za ka koya mini tattalin lokaci? Ba cinya ba, ƙafar baya. Gyara zama.

Ga inda rigimar ta samo asali. A Nahuce, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, akwai wata rumfar cajin waya da muke taruwa bayan isha'i. Janareta na kuka, sauro na amshi, mu huɗu a kan benci ɗaya kowa ya dunƙule a kan allon wayarsa muna buga Free Fire. Wajen rabon aiki kowa jarumi ne, kowa so yake ya riƙe babbar bindiga. Da an ce wa zai kula da jinin 'yan'uwa, sai tari ya kama kowa. Ni da yatsuna suka fara manyanta, ni ake liƙa wa. Rannan na tsinci bindigar nan ta jinya: ka harbi naka da ita jininsa ya ƙaru, ka harbi nasu jininsa ya ragu. Na cika wa ɗan yayata jini, na juya na ƙarasa wani da ya taho a galabaice. Wani dattijo da ya zo karɓar wayarsa ya leƙo, aka yi masa bayani, ya riƙe haɓa ya ce, "Mi kac ce? Bindiga guda ta ba da lahiya ta ɗauke lahiya? Wagga ƙarya ta yi yawa." Ya karɓi wayarsa ya yi gaba. Shi ya tsira da girmansa. Kai ne ka gaji shari'ar.

Ka ce, "Ai Baba gaskiya ya faɗa. Magani magani ne, makami makami ne, hankali ba zai haɗa su ba." Ashe? To, buɗe bakinka mu duba abin da ke ciki. Ranar da zazzaɓi ya kayar da kai, me ka aika a sayo? Maganin zazzaɓi. Ranar da ɓera ya huda maka buhun gero, me ka sayo? Maganin ɓera. To, ɓeran ya warke? Ka je ka yi masa sannu da jiki? Maganin sauro fa, don sauro ya ƙara ƙiba ake kunna shi? Sannan da yaron maƙwabta ya tsinke maka mangwaro ɗanye, ka tsaya a ƙofar gida kana nuna shi da yatsa kana cewa "zan yi maganinka," asibiti ka yi niyyar kai shi? Kakanninmu da suka ce karen bana shi ke maganin zomon bana, ba ƙwaya karen ke rubuta wa zomo ba. Kalma ɗaya tilo, tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙera waya, Bahaushe ya ɗora mata aiki biyu: ta tayar, ta kwantar. Yau Bature ya mayar da kalmarka bindiga a cikin gem, kai kuma kana rantsuwa ba ka san ta ba. Ɗanka ne ya dawo daga birni da wando tsuke, ka ce ba naka ba ne.

Ka ce, "Wannan wasa da harshe ne kawai, kawo hujja." Madalla, da ma ita na zo da ita a aljihu. Ka san kwankwani? Tambayi kowane tsohon maharbi, zai gaya maka da 'ya'yansa ake dafa dafin kibiya. Dafin yana kama zuciyar dabba ne ya tsayar da ita. Wannan sinadarin, a ƙarni na 19, likitocin Turai suka tace shi, suka auna ɗan ƙanƙani, suka mayar da shi maganin zuciyar da ta gaza bugawa da ƙarfi. Itace ɗaya: a bakin kibiya ajali, a cokalin likita sauƙi. Akwai wani magani mai suna warfarin, an fara sayar da shi a 1948 a matsayin maganin ɓera, zuwa 1954 aka amince a riƙa ba mutane don hana jini daskarewa a jijiya. Har gobe ana shan sa. Akwai captopril na hawan jini, wanda aka gano hanyar haɗa shi daga nazarin dafin wani maciji na ƙasar Brazil. Je ka Kaltungo a Jihar Gombe, inda ake jinyar waɗanda kububuwa ta sara, ka tambaya da me ake yin allurar. Dafin macijin ake tatsa, a riƙa ɗura wa doki ko tunkiya kaɗan-kaɗan, sai jikinsu ya samar da makarin, a ɗebo a tace. Wato sai da dafi ake samun maganin dafi.

Kai, me ya kai mu Gombe? Ɗaga kanka ka dubi abin da ke rataye a kan gadonka. Gidan sauron nan mai magani, kai yana ba ka barci, sauro yana ba shi barcin da babu tashi. Zare ɗaya, dare ɗaya. Kana kwana a cikin "likitan da ke harbi" shekara da shekaru, kana minshari, ba ka taɓa kai ƙara ba. Sai da ya shiga waya ya zama ƙarya?

Ka ce, "To, na yarda da na itace. Amma harsashi fa? Ina ya san wannan namu ne, wancan nasu ne? Katin shaida yake tambaya?" Kusan haka, wallahi. A cikin gem kowane ɗan wasa yana ɗauke da alamar ƙungiyarsa. Harbi na sauka, kwamfuta ta duba: alamar wanda aka samu iri ɗaya ce da ta mai harbin? In e, a ƙara lamba. In a'a, a rage. Lissafin bai kai wahalar rabon gado ba. In kuma kana ganin hakan ya saɓa wa halitta, tuna penisilin da Alexander Fleming ya gano a 1928. Yana kashe ƙwayar cuta ne ta hanyar hana ta gina katangar da ke kewaye da jikinta. Ƙwayoyin jikinka ba su da irin wannan katanga, don haka ya wuce su ko sallama babu. Allura ɗaya, jiki ɗaya, ta san nata ta san baƙo. Abin da ka yarda wa ma'aikacin jinya a Gusau ya tsira maka a ɗuwawu kana cije baki, shi kake ƙaryatawa a allon waya.

Masu gem ma sun daɗe da wata dabarar da ta fi wannan ban dariya. A jerin wasannin Final Fantasy na Japan, dodannin da suke matattu ne masu yawo, magani ciwo yake yi musu. A kashi na shida, wanda ya fito a 1994, akwai wani jirgin ƙasa na fatalwa da ake fafatawa da shi. Kana iya shan wahala ka yi ta sara. Kana kuma iya jefa masa gashin tsuntsun nan da ake tayar da ɗan'uwan da ya faɗi da shi, nan take jirgin ya mutu murus. An kashe dodo da fatan alheri. Irin abin da ke faruwa ke nan in ka yi wa mai hassada addu'ar Allah ya ƙara maka a gabansa.

Ka ce, "Yayi ne na yaran yanzu, gobe zai wuce." Kai ne dai ka zo kasuwa bayan la'asar. Team Fortress 2 na kamfanin Valve ya fito tun 2007, a ƙarshen 2010 aka ba likitansa baka mai harba allura: ta sami naka ta warkar, ta sami nasu ta ji masa ciwo, kuma iya nisan jifa iya ƙarfinta. A Dota 2 akwai Dazzle, wanda maganinsa ke tsalle daga ɗan'uwa zuwa ɗan'uwa, duk wanda ya taɓa sai maƙiyan da ke manne da shi su sha zafi. A League of Legends akwai Nami mai jefa igiyar ruwa tana bi tsakanin naka da nasu, ga Senna da ta zo a 2019 da hasken da ke ratsa layi guda ya yi aiki biyu. A Mobile Legends, wanda wayar talaka ke iya ɗauka, akwai Angela. A Valorant, wutar Phoenix tana ƙona maƙiyi, shi kuma in ya tsaya a cikinta sauƙi yake samu. A Marvel Rivals na ƙarshen 2024, Luna Snow da ƙanƙara take yin duka biyun. Yayin da ya haura shekara goma sha biyar yana ƙara 'ya'ya, ai ya tashi daga yayi ya zama al'ada.

Uwa-uba kuwa Overwatch na kamfanin Blizzard, na 2016. A can ne ake da Ana, dattijuwa 'yar Masar mai ido ɗaya, wadda ke laɓewa daga nesa da doguwar bindiga tana harba allurai. Ga kuma kwalbar da take jefawa: nata su samu sauƙi, nasu su ji ciwo, sannan na ɗan lokaci duk maganin da aka yi musu ba zai kama ba. Sammu da makari a kwalba ɗaya. Kafin ka ce wasan bai shafe mu ba, akwai birnin da suka ƙirƙira a cikinsa mai suna Numbani a nan yankinmu na Afirka ta Yamma, akwai kuma Doomfist mai ƙaton hannu, wanda labarin ya ce mutumin Oyo ne. Na san Bagobiri na jin haka zai ce shi ya sa mutumin ya cika tsalle-tsalle da hayaniya. Wannan tsakaninsu ne da abokan wasansu, ni ba ruwana.

Yanzu ka gyara hula, ka fito da babban makaminka. Ka ce, "Taura biyu ba ta taunuwa. In mutum ɗaya zai warkar kuma ya kashe, sauran su je su yi barci mana. Wa zai ɗauki mai harbi zalla?" A nan kam ka yi magana, har na kusa tafa maka. Kusa na ce. Abin da ba ka lura da shi ba, masu tsara gem sun fi 'yan kasuwar Tudun Wada iya ciniki: ba sa ba ka komai kyauta. Bakan likitan Team Fortress 2, ciwon da yake ji wa maƙiyi rabin abin da yake warkarwa ne. Ita kuwa Ana, sai ta saita, in ta kuskure, allura ta tafi a banza, ɗan'uwa na can yana shure-shure, kuma ba ta da ƙafar gudu in aka rutsa ta. Kwalbarta guda ce kafin ta jira lokacin hucewa: ta jefa wa nata da ke neman faɗuwa, ko ta jefa wa nasu don a gama da su, ko ta fasa a ƙafarta ta ceci kanta? Daƙiƙa ɗaya gare ta ta yanke hukunci. Abaddon na Dota 2, da jinin jikinsa yake biyan kowace jifa, ko ta magani ce ko ta mugunta. Taura biyun tana hannunka, gaskiya ne. Baki dai ɗaya ne.

Wanda ya fi burge ni shi ne Oracle, shi ma na Dota 2. Wutarsa tana fara ƙona mutum ne, sannan ta bi shi da sauƙi a hankali, kuma ba ta tambayar na wane ne. Ka yi wa naka alhali jininsa saura ƙiris, ka jefa shi cikin haɗari kafin sauƙin ya iso. Ka yi wa nasu bai mutu ba, ka zama likitansa kyauta, har ya juyo ya yi maka godiya da takobi. Duk wanda wanzami ya taɓa yi wa sakiya ya san wannan karatun: zafi ne a gaba, sauƙi a baya, kuma in hannu bai ƙware ba sai a kwana ana salati.

Ba zan ɓoye maka ba, an taɓa yin ɓarna. A 2018 Overwatch ya fito da Brigitte, wadda duk lokacin da ta maka wa maƙiyi sandarta mai sarƙa, 'yan'uwanta na kusa sai su samu sauƙi. Ga garkuwa, ga duka, ga magani. Ƙwararrun 'yan wasa suka ga banza ta faɗi: suka riƙa shiga fili da masu ɗaukar duka uku da masu jinya uku, babu mai harbi ko ɗaya. Aka yi wata da watanni ana wannan dambarwa, 'yan kallo suka gaji, sai da kamfanin ya yi ta rage mata ƙarfi, a 2019 kuma ya kafa dokar biyu-biyu-biyu, kowane aiki mutum biyu. Ka ga, na ba ka maki ɗaya. Riƙe shi da kyau, don ba na jin za ka ƙara samun wani. Amma lura: da miya ta yi gishiri, gishirin aka rage. Ba wanda ya ce a daina miya.

Ka ce, "To ai likitan zai shagala da harbi ya manta da mu." Wannan kam ya faru, har a kan bencinmu. Masu buga Overwatch ma suna da tsohuwar tsokana a kan masu ɗaukar Moira su tafi farauta su bar jama'a na mutuwa. Sai dai duba yadda aka gina ta: hannu ɗaya na fesa magani daga wata 'yar ma'ajiya da ke ƙarewa, ɗaya hannun na zuƙar jinin maƙiyi yana cika ma'ajiyar da sauri. In ta ƙi faɗa, maganin ya yi mata wuyar samu. In ta ƙi magani, ƙungiya ta watse a taru a kanta. An ɗaure ta ta ko'ina kamar akuyar da za a kai kasuwar Tsafe. Wanda duk da haka ya bar ka ka mutu, ba bindigar ce ta lalata shi ba. Irinsa ne ake aika sayen maganin ciwon kai ya tsaya kallon dambe. Ko cokali ka ba shi zai samu yadda ya yi ya ba ka kunya.

Af, tunda an zo nan, bari in tambaye ka. Kai da ke ihun "a ba ni jini, a ba ni jini," ina kake sa'ad da kake ihun? Ka ruga kai kaɗai cikin mutum huɗu, ka shige bayan bango inda ko aljani ba zai hango ka ba, ka faɗi, sannan ka buɗe makirufo kana tambayar ina likita. Likita na nan inda ka bar shi, mutum biyu sun tsare shi a lungu. Da a ce maganinsa ba ya cizo, da tuni ya riga ka kwanciya. Haƙoran da kake ƙorafi a kansu, su ne suka sa ya rayu har ya iso gawarka.

Ka ce, "A bar likita da aikinsa tsantsa, ya fi mutunci." Mutunci! Kai ka taɓa riƙe aikin? Ka bi bayan ƙato minti ashirin kana danna maɓalli ɗaya kamar mai yi wa sarki fifita. In an ci, a ce maharbi ya iya. In an faɗi, a ce likita ne bai iya ba. Shi ya sa tari ke kama kowa a rumfarmu, shi ya sa kuma da aka kafa layin zaɓen aiki a Overwatch, layin masu harbi ya fi kowanne tsawo. Ba wa mai jinya abin da zai yi da hannunsa na biyu, sai ka ga aikin ya zama na mai tunani: wa zan ɗaga, wa zan tsorata, yaushe zan ja da baya? Ko a langa, da ake bugawa a dandali har ta kai gasar wasanni ta ƙasa, wanda ke kare ruwa ba rungume hannu yake yi ba. Da kafaɗa yake kariyar, ture na gaba shi ne tsaron na baya.

Ke kuma Hajiya, na ji ki daga bayan labule kina cewa duk shirmen maza ne. Sannu. Wa ya ƙirƙiro dabarar in ba ku ba? Ludayin da ke zuba wa yaro koko da safe, shi ne ke sauka a bayansa in ya tsoma yatsa a tukunya. Kayan aiki ɗaya, hannu ɗaya, kuma ba a taɓa jin kin kuskure saiti ba. Da kamfanonin nan sun san ki, da ba su ɓata kuɗi wajen bincike ba.

To, tunda kun tsokano ni, bari in zana muku jarumai irin namu, in Allah ya kawo ranar da yaran Gusau za su ƙera gem nasu. Na farko Sarkin Aska. Makaminsa ƙaho. Ya kafa wa maƙiyi, ya zuƙe masa jini a hankali, ya tara a zabira. Ya kafa wa naka, ya zuƙe masa dafi da duk wani sammun da aka jefe shi da shi. Sharaɗi: ƙaho ba ya kamawa daga nesa, sai ya matso har ana jin numfashinsa. In yana son zabira ta cika, sai ya shiga inda ake sara.

Ta biyu Inna Mai Kunu. Tana ɗauke da tukunya a ka. In ta watsa shi da zafinsa, maƙiyi ya ƙone amma naka kaɗan zai amfana, don ba ya shawuwa. In ta jira ya huce, naka ya sha ya miƙe garau, amma in ya zuba a kan maƙiyi sai dai ya lashe baki ya ce a ƙaro. Duk wasanta a kan lokaci yake: yanzu, ko an jima? Ka ce wannan ba zurfi?

Na uku Mai Amya. Ya jefa amyar zuma a tsakiyar fili. Naka da ya tsaya kusa ya lashi zaƙi, nasu da ya matso ya sha harbi. Makarinsa hayaƙi: in ɗaya ɓangaren suna da mai kaskon wuta, ƙudan zuman su lafa, su kuma su zo su kwashe zuman a gabanka kana kallo. Ta huɗu Goggo Mai Turare, hayaƙinta na buɗe wa nata ƙirji, ya sa nasu tari har saitinsu ya karkace, amma iska ke juya shi. In ta tsaya ta inda bai dace ba, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Ka lura kowannensu na biyan farashi, kowannensu sai ya zaɓa, kowannensu yana da makari. Duk jarumin da ka zana babu waɗannan ukun, ba jarumi ka yi ba, ɗan gatan kaka ka yi, kuma ba mai son wasa da shi.

Yanzu bari in cire hular wasa na ɗan lokaci, don na san akwai abin da ke cin ka a rai wanda ya fi duk waɗannan nauyi. Ka ce, "A ƙasar da ta ga abin da ta gani, ya dace a koya wa yara cewa mai magani na iya zama mai harbi?" Wannan tambaya ce ta mai hankali. A duniyar gaske akwai iyaka, kuma an rubuta ta. Tun yarjejeniyar Geneva ta 1864, da waɗanda aka sabunta a 1949, ma'aikacin jinya a fagen yaƙi ba a taɓa shi. An yarda ya riƙe ƙaramin makami don kare kansa da majinyatansa, amma ranar da ya shiga kai hari, kariyar ta faɗi. Ƙungiyar Red Cross ma ta sha jan kunnen kamfanonin gem su daina liƙa jan kuros ɗinta a kan akwatin magani, don kar alamar ta zama abin wasa. Mu nan Zamfara mun san darajar wannan: a 2010, da gubar dalma ta auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, likitocin ƙungiyar MSF da ma'aikatanmu na gida sun shigo da magani ne kawai a hannu, suka yi ta ceton yara. Ɗaliban da ke karatun kiwon lafiya a Tsafe, irin wannan aikin suke koya, maƙiyinsu cuta ce, ba mutum ba. Wannan daban, gem daban. Dokin da ke tsallake kan mutane a wasan dara na Turawa bai taɓa koya wa mahayi ya hau katanga ba. Yaro ya san jinin allo lamba ce da ke dawowa in an sake zagaye. In bai sani ba, aikinmu ne mu zauna kusa da shi mu gaya masa, kuma zaman ya fi ƙwace wayar amfani.

Na mayar da hulata. Ka ce, "Ni fa duk wannan ba zai yi mini aiki ba, netwok ɗinmu ba ya barin mutum ya yi saiti." Allah sarki. Netwok, uban marayu, mai ɗaukar laifin kowa. Mu da muka ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar nan muka koma dara a gindin bedi, mun san bambancin babu netwok da babu hannu. A dara ma cinye ka aka yi ta yi, kuma a can babu sandar sabis da za ka nuna.

Saboda haka gobe bayan isha'i, ga benci, ga caji, ga gurbi ɗaya babu kowa. Mun riga mun yi shawara: kai ne mai jinya. Zan miƙa maka bindigar nan da hannuna. In ka harbe ni jinina ya ƙaru, ka janye maganarka a gaban jama'a, ka sayi shayi. In kuma ka ƙi zuwa, ba komai, ka san gidanku na sani.

Zan zo har gida in yi maganinka. Wanne daga ciki? Sai na iso.